Ƙusar Mai Giwa

Masu bin tsofaffin littattafai sun ruwaito cewa a zamanin da Rumawa da mutanen Kartaji suke ta gwabza yaƙi, akwai wani sarki mai suna Isalta, ƙasarsa ƙarama ce, amma dawakinta babu kamarsu. Saboda dawakin nan manzannin ɓangarorin biyu suka sauka a fadarsa, kowa da murmushinsa. Na Kartaji har da giwa ya zo, kyauta.

Sarki ya kira wazirinsa Zarbas ya ce, "Ya Waziri, abota biyu aka ajiye mini. Ka gaya mini wadda ta fi sauƙin ɗauka kafin baƙin nan su ɗaura sirdi."

Waziri ya fito hankalinsa a tashe, domin ɗansa guda ɗaya tilo shi ne shugaban mahaya. Ya zauna ya kasa, aka kawo abinci ya ture. Yana ta kai da kawo har ƙafa ta kai shi inda aka ɗaure giwar. Ya tarar da mai kula da ita, wani tsoho mai suna Bodon, yana sosa mata kunne, ga wata doguwar ƙusa da guduma rataye a ƙugunsa.

Waziri ya ce, "Kai mai giwa, wannan fa na mene ne?"

Tsoho ya ce, "Ranka ya daɗe, nata ne. Maigidana da ya koya mini aikin nan yana da giwa, tun tana ƙarama ya raine ta, ko rake ya samu sai sun raba. Ranar wani yaƙi Rumawa suka busa ƙahoni, suka yi ta jifa da masu da kibau. Ta firgita ta juyo kan rundunarmu. To, dokar Kartaji ce, giwar da ta juya, wanda ke bisa wuyanta shi zai kafa mata ƙusa a ƙeya. Ya kafa, yana kuka yana bugawa. Ranar da aka ba ka giwa, ranar ake ba ka ƙusarta."

Waziri bai tsaya sallama ba. Ya je wurin manzon Kartaji ya tambaye shi inda za a tsayar da mahayan sarki a fagen yaƙi in an ƙulla abota. Manzo ya ce, "A gaba mana, wurin girma. Maharbanmu kuma suna bayansu, don tsaro." Ya je wurin na Rum, shi kuma ya ce, "Mu ba ma neman kome, illa yarima ya zo birninmu ya sami tarbiyya."

A nan zuciyar Waziri ta yi ta raya masa cewa ya ce wa sarki ya zaɓi Rum kawai, ya ɓoye sauran, ɗansa ya tsira. Ya daɗe yana kokawa da ita, kuma ba da sauƙi ya kayar da ita ba.

Ya aro ƙusar ya ajiye gaban sarki, ya ba shi labarin giwa, sa'an nan ya ce, "Ranka ya daɗe, kowannensu da ƙusarsa ya zo. Ta Kartaji a ƙeyar ɗana za a ɗora ta, ta Rum a ƙeyar naka. Ban ga mai sauƙi ba."

Sarki ya dube shi ya ce, "Da ka ce Rum, da na yarda ban tambaya ba."

"Na sani, ranka ya daɗe. Shi ya hana ni cin abinci."

Sarki ya sallami manzannin da kyakkyawar magana, ya kwashe jama'arsa da dawakinsa zuwa kan duwatsu har yaƙin ya wuce. Ya ɗaukaka Waziri bisa kowa. Bodon ya roƙi a bar shi tare da giwarsa, aka bar shi, sarki ya sa aka jefa ƙusar a rijiya.

Masu ruwayar suka ce, duk wanda ya zo neman abotarka, kafin ka dubi abin da ya miƙo maka, ka dubi abin da ya tanada don ranar da za ka juya. Sun kuma ce har Bodon ya mutu, in ya ji an busa ƙaho, sai hannunsa ya tafi ƙugu yana lalube, ya tarar babu kome, sa'an nan ya rungume hancin giwarsa.