Hannun Hagun da Ya Huta

Akwai wani ɗan kasuwar hatsi a Kankia, sunansa Kamilu. Shekara uku a jere Allah ya buɗa masa a cinikin masara da waken soya, tun daga nan kansa ya kumbura. Irin mutanen nan ne da in ka gaishe su sai sun dubi takalminka kafin su amsa.

Da daminar bara ya sayo wani ƙaton mashin ɗan Kwatano, baƙi wuluk. Wanda ya sayar masa ya ce wannan mashin ana canza masa giya ba tare da an kama kuloci ba. Kamilu ya gwada, ya sake gwadawa, giya sai ƙara take kamar ana niƙa tsakuwa. Dole ta sa ya kai shi wajen Malam Audi, tsohon bakaniken da ke aiki a gindin dalbejiya kusa da tasha.

Malam Audi ya tsuguna, ya bi sandar giya da yatsa har ya taɓa wani ɗan ƙarfe kamar babban yatsa, mai waya da ta shige ƙarƙashin tanki. Ya ce ga abin nan, wayar ce ta kwance. Ya ɗaure ta, sannan ya yi masa bayani dalla-dalla. In ƙafa ta ɗaga giya, ƙarfen yana ɗauke wutar inji na ƙiftawar ido, giya ta faɗa da kanta. Ba a sakin totur, ba a kuma dannawa da ƙarfi. Amma wajen tashi da wajen tsayawa, kuloci dole ne.

Kamilu ya zagaya tasha ya dawo yana washe baki. Duk sanda ya murɗa totur har ƙarshe ya ɗaga giya, sai salansa ta buga tas, kamar an harba bindiga.

Malam Audi bai yi dariya ba. Ya dafa tankin ya ce, "Alhaji, wanda ya riƙe mashin ɗin nan kafin kai ya huda salansa. Cikin gari ba komai. Amma don Allah kada ka yi wagga ƙara a ƙauyukan Kusada. Dawa ta yi tsawo, mutane a tsorace suke da 'yan bindiga."

Kamilu bai ji ko kalma ɗaya ba, idonsa na kan shatin baƙin mai da hannun tsohon ya bari a tanki. Ya ɗaga hannun hagu ya sharara masa mari, har hularsa ta faɗi cikin kwanon mai. Mutumin da a shekaru ya haife shi, a gaban 'yan acaɓa da masu shayi.

"Ka ga hannun nan? Daga yau ya huta da kuloci," in ji Kamilu. "Aikin da ya rage mai shi ne ladabtar da irinku."

Ni wannan wurin ne ya fi ƙona mini rai a duk labarin. Malam Audi ya ɗauki hularsa ya matse, ya hana 'yan acaɓan da suka taso, ya koma kan aikinsa.

Bayan kwana tara Kamilu ya tafi ganin wata gonar masara a gefen Bauranya. Ya naɗe fuska da rawani saboda ƙwari, ya rataya doguwar lema a bayansa saboda hadari ya haɗo. Hanyar ta bi ta wani ƙaramin ƙauye da ba zan faɗi sunansa ba. Abin da bai sani ba, ko bai damu ya sani ba, satin da ya wuce wasu mutane sun shigo ƙauyen a kan mashina, sun kashe mutum biyu, sun kora shanu.

Bayan la'asar ne. Kamilu ya hango mata a bakin rijiya, sai son burga ya motsa. Ya murɗa totur ya ɗaga giya. Tas. Ya ƙara. Tas, tas.

Ƙauye ya hargitse. Mata suka zubar da tuluna suka faɗa cikin dawa. Wata tsohuwa mai suna Inno ta yi tuntuɓe da murhu, tafasasshen ruwa ya kwarare mata a ƙafa. Ɗanmaliki, shugaban 'yan sintirin ƙauyen, wanda ƙanensa na cikin waɗanda aka kashe, ya ja igiyar da suka ɗaura a mashigar gari tun ranar harin.

Igiya ta kama Kamilu a ƙirji. Mashin ya yi gabas, shi ya yi yamma.

Kafin ya ɗaga kai gora ta sauka a bayansa. Sanda, ƙota, dutse, duk abin da hannu ya samu. Yana ihun shi ɗan Kankia ne, amma jini ya cika masa baki, ba mai jin abin da yake faɗa. Suka fizge lemar suka ga ba bindiga ba ce, suka ce ai ya jefar da ita cikin dawa. Ya kai hannun hagu ya kare kansa, wani ya sauke masa taɓarya a kai har sau uku. Aka jawo tsohuwar taya, wani ya tafi ɗebo fetur.

A daidai nan wani tsoho ya ratsa taron ya faɗa kan Kamilu. Malam Audi ne. Ɗan ƙauyen ne, Inno yayarsa ce, kuma ɗanta ne mutum na biyu da aka kashe. Zaman makoki ya kawo shi. Gorar da aka ɗago wa Kamilu ta sauka a damtsen Malam Audi na hagu, har aka ji ƙarar ƙashi.

Ɗanmaliki ya ce, "Baba Audi, tashi. Kai ma ɗanka suka kashe."

"Na sani, ni na yi mai wanka," in ji Malam Audi. "Amma wanga ba shi ba ne. Ba bindiga kuka ji ba, mashin ne. Ku ba ni minti biyu. In ƙarya nake, ku ƙone mu tare."

Suka tsaya, ba don sun yarda ba, sai don furfurarsa. Ya sa aka kifa turmi aka ɗora mashin a kai, tayar baya na lilo. Ya nuna musu ɗan ƙarfen da wayarsa. Ya tayar da inji, ya cije leɓe ya kama kuloci ya sa giyar farko, ya murɗa totur, ya ɗaga giya da ƙafa.

Tas.

Rabin taron suka kwanta a ƙasa. Ya ƙara yi, suna kallon wuta na fita daga salansa. Mai jarkar fetur ya ajiye ta a hankali ya sulale. Ɗanmaliki ya zauna dirshan yana salati.

Babu mota a ƙauyen, Kamilu kuma numfashi yake da ƙyar. Akwalar mashin ɗin Malam Audi sai da kuloci a kowace giya, hannunsa ba zai iya ba. Ya sa aka ɗaura masa Kamilu a baya da rawanin nan, ya hau baƙin mashin. Sau ɗaya ya kama kuloci wajen tashi, hawaye na zuba don zafi. Daga nan har Kankia da ƙafa kawai ya dinga ɗaga giya, totur a tsaka-tsaki. Ko sau ɗaya salansa ba ta yi ƙara ba.

Kamilu ya rayu. Da ya farfaɗo ya ga wanda ke zaune a gefen gadonsa da hannu a rataye, ya juya fuska bango yana kuka. Ya roƙi gafara. Malam Audi ya ce marin ya yafe tun ranar, amma in ya warke ya je ya roƙi Inno, wadda har yanzu ba ta taka ƙafarta.

Ya je, ya durƙusa, ta yafe. Mashin kuwa ya sayar, don ko tayar da shi ba zai ƙara yi ba. Likitoci sun yi iya ƙoƙarinsu, amma yatsun hagun nan sun ƙi lanƙwasuwa. Ko kofin shayi ba sa riƙewa. Hannun da ya ce ya huta, ya huta ɗin.

Darasi: Kada abin hannunka ya sa ka raina mai ba ka shawara, wataƙila bayansa ne zai tare maka gora gobe. Wasan da kake yi don burga, ga wanda aka kashe wa ɗa ba wasa ba ne. Ku kuma jama'a, ku bincika kafin ku ɗaga sanda, domin rai ba ya dawowa. Ku tura wa 'yan uwa, musamman masu hawa mashin.