Motar Dogo da Sunan Marigayi

Akwai wani direban haya da 'yan tasha ke kira Dogo, mutum mai sanyin hali, sai dai komai nasa sai gobe. Ya daɗe yana jan motar wani dattijo mai sayar da katako, har dattijon ya yaba da amanarsa ya sayar masa da ita. Dogo ya biya a falon gidan, babu shaida sai matar dattijon da ke shiga da fita.

Dattijon ya ce, "Ka sa rana mu je ofishin rajista, a mayar da takardun sunanka."

Dogo ya yi dariya. "Baba, ni da kai har sai da takarda? Bari aiki ya lafa."

Aiki bai lafa ba. Wata safiya yana lodi a tasha aka kira shi: Baba ya rasu.

Bayan an share makoki, babban ɗan marigayin, wanda kowa ke ce wa Yaya Babba, ya aiko a kira shi. Ko wurin zama bai nuna masa ba.

"Mun duba kayan Baba, mota tana sunansa. Ka kawo makulli, za ta shiga gado."

Dogo ya ce, "Yaya, ai na saya. Wallahi na biya."

"Ina shaidarka?"

Dogo ba shi da ko takarda ɗaya, haka ya juya ya fita.

Tun daga ranar abinci ya daina shiga masa. Waya ta yi ƙara, sai ya zabura. Fasinja ya ce a tsaya, sai ya wuce da shi. Motar nan ita ce cefanen gida, ita ce makarantar 'ya'yansa, ita ce maganin tsohuwarsa. Matarsa ta lura ya koma zama a cikin motar a ƙofar gida, yana shafa sitiyari kamar mai bankwana.

Abokansa a tasha suka ce, "Kai dai da sanyi kake. Ka kai ta garejin wani gari, a sake mata fenti, ka ce an sace."

Ya yi ta juya maganar a ransa, har ya karɓi lambar mai fentin. Amma ya kasa kira. Ya ce wa matarsa, "Idan na ɓoye ta, na zama ɓarawon kayana. Sakaci na yi, ba zan ɗora ƙarya a kai ba."

Washegari ya wanke motar, ya kai ta ƙofar gidan marigayin, ya shiga ya durƙusa gaban matar dattijon da makulli a hannu.

"Inna, ga mota. Idan kin tuna wani abu, ki faɗa. Idan ba ki tuna ba, na bar wa Allah."

Inna ta dube shi. Sannan ta sa aka kira Yaya Babba.

"Motar nan ba tamu ba ce. Ina nan aka yi ciniki."

"Inna, kin san rabonki da na ƙannena ne zai ragu?"

"Na sani. Ubanku na kwance a kabari, ba zan bari a ɗora masa hakkin wani ba."

Yaya Babba ya fice.

A ofishin rajista aka gaya wa Dogo cewa tunda mai sunan ya rasu, sai wakilin magada ya zo da kansa ya sa hannu. Wakilin kuwa Yaya Babba ne.

Ranar da aka sa, Dogo ya riga ma'aikata zuwa. Ya zauna a kan dogon benci, takardu a cinya, gumi ya jiƙa gefensu. Layi ya zo kansa, ya ba na baya. Ya sake zuwa, ya sake bayarwa. Ya kira wayar Yaya Babba, ba a ɗauka ba. Ma'aikaciyar da ke bayan taga ta fara tattara fayil, ta ce, "Malam, mun kusa tashi fa."

Yana miƙewa, sai ga Yaya Babba a bakin ƙofa, fuska a ɗaure. Ya karɓi biro, ya sa hannu duk inda aka nuna masa.

Dogo ya ce, "Na gode, Yaya."

Yaya Babba ya ajiye biron, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Ba ni za ka gode wa ba. Tun ranar nan Inna ba ta sake cin abincin da na kawo gidan ba."

Darasi: Idan ka sayi abin hawa ko ka sayar, ka canza sunan mallaka tun kuna raye ku biyu, domin yarda ba ta sa hannu bayan mutuwa. Idan kuma sakaci ya jefa ka cikin tsaka mai wuya, kada ka nemi mafita da ƙarya. Ku tura wa duk wanda kuka san yana yawo da mota ko babur da sunan wani.