Randar Ilu Mai Fenti

An yi wani mutum a wani gari, garin da ba zan faɗa ba don wasunku suna da surukai a can. Shekarun baya ne, lokacin injin feshin fenti bai daɗe da shigowa ba. Sunan bawan Allahn nan Ilu. Ba shi da shago, a zauren gidansa yake aiki. Gadon ƙarfe, ƙofa, keke, akwati, duk abin da aka kawo sai ya fesa masa launi.

To ku saurara, ku ajiye ɓarar gyaɗar nan tukuna. Shi injin nan iska yake matsawa cikin tanki, iskar ta bi tiyo ta fito ta bakin bindigar fenti. Da rani lafiya lau. Amma da damina ta sauka, sai bindiga ta riƙa tofo ruwa tare da fenti. Mutum ya gama ƙofa tana sheƙi, kafin ya sha fura ya dawo ta yi ƙuraje kamar yaro mai ƙyanda. An ce akwai na'urar tsane ruwan a birni, amma kuɗinta ya sayi maraƙi. Haka duk masu fentin garin suke fama. Ilu kaɗai ne fentinsa ba ya ƙuraje, kuma abin da yake ci da iyalinsa ke nan, don injinsa tsoho ne, ba shi da baki, ba shi da uban gida.

Abin da mutane suke gani kawai shi ne randa. Randar matarsa Tabawa ce ya ɗauko ya girke a lungun zaure, tiyo ya shiga ta nan ya fito ta can. Kullum da safe ya durƙusa gabanta ya murɗa wani abu, sai a ji fuuu, ruwa ya tsarto ƙasa.

Akwai wani mai fenti a unguwar, Barau, mai sabon inji da dogon harshe. Shi ya fara cewa a majalisa, "Ni dai ban ce komai ba. Amma mutum ya durƙusa wa randa kowace safiya, randa tana huci? Allah ya tsare mu da imaninmu."

Innalillahi! Kun san maganar da aka fara da "ban ce komai ba". Kafin sati ta kai bakin rijiya, ta dawo da ƙafafu. Aka ce aljani ne a ciki. Aka ce baƙin zakara yake ci. Wata ta rantse ta ji randar tana tari. Mata suka hana a kai gadajen 'ya'yansu, wai kada amarya ta kwana kan fentin aljani. A masallaci sai na gefensa ya ɗan janye kafaɗa. Ku ji fa, a sahu! Aiki ya ragu, sai 'yan tsirarun da suka fi tsoron ƙuraje a kan aljani.

Tabawa ta ce, "Malam, ka fita ka yi magana mana! An mayar da randata ɗakin tsafi, kai kana zaune."

Ya ce, "Wanda ya tambaye ni zan gaya masa. Har yau ba wanda ya tambaya."

Ana nan aka gama sabon masallacin unguwa, aka ba Barau fentin manyan ƙofofinsa, za a buɗe ran Juma'a. Tsakiyar Agusta, sama kullum a haɗe. Ya fesa kore, ya yi ƙuraje. Ya kankare ya sake, ya yi ƙuraje. Ya sake, har ƙofar ta koma kamar bayan kwaɗo. Dattawa suka zo suka tsaya suna kallo, suka girgiza kai suka juya.

Ran Laraba da rana tsaka, lokacin da kowa ya shige inuwa, sai ga sallama ƙasa-ƙasa a zauren Ilu. Barau ne, ya ja hula har gira, da wani abu yana motsi a cikin babbar riga. Tabawa tana bayan zana tana tankaɗe. Ta ce da ta ga abin da ya fito da shi, rariya ta faɗi daga hannunta.

Baƙin zakara!

Ya ce, "Malam Ilu, ka rufa mini asiri. Ka roƙa mini shi. Ƙofa biyu kawai."

Ilu ya ce, "In roƙi wa?"

Barau ya nuna randa da haɓa, bai ko yarda ya kalle ta ba.

Jama'a, kun ji? Mutumin da ya ɓata sunan ɗan'uwansa da ƙaryar aljani, ashe ya faɗa ya faɗa har shi ma ya yarda. Kuma ya zo neman aljanin ya yi masa fentin ɗakin Allah! La'ilaha illallahu. Ni da aka gaya mini sai da na riƙe baki.

To a nan fa jarrabawar take. Da Ilu ya leƙa waje ya ƙwala kira sau ɗaya, unguwa ta taru ta ga Barau da zakara, sunansa ya wanku nan take. Da kuma ya ce masa je ka, ran Juma'a Barau ya sha kunya, aiki ya dawo zaurensa. In ko ya buɗe randar nan, ya ba da abu ɗaya tak da ya fi kowa da shi. Tabawa tana bayan zana tana cewa a ranta, kira mutane, Malam, kira mutane!

Sai ya ɗaga faifan da ya rufe randa. Ya ce, "Malam Barau, sa hannu."

"A'a, wallahi a'a."

"Sa hannu, ba ya cizo."

Da ƙyar ya sa. Ruwan sanyi ne, da bututun jan ƙarfe a naɗe kamar gammo.

Ilu ya ce, "Daga tsohon firij na ciro shi, wurin 'yan gwangwan. Ka taɓa ganin murfin tukunya yana gumi? Haka iskar inji take, da zafi take fitowa, da laima a cikinta. In ba ta huce a hanya ba, a kan ƙofarka za ta huce. Ni kuwa sai na bi da ita ta cikin randa ta yi guminta a nan. Ka ga wannan guntun bututu da ya sauka ƙasa, mai ɗan famfo? Nan ruwan yake taruwa. Shi nake durƙusawa in zubar. Tankin ma ka riƙa buɗe ƙasansa kullum. Shi ke nan aljanin."

Barau ya zauna daɓas a ƙasa. Ya cire hula ya dafe kai. Barau fa!

Ilu ya ce, "In ka sayo sabuwar randa wurin magina, ba za ta jiƙu ta yi sanyi kafin jibi ba. Ɗauki wannan. Zakaranka kuma mayar wa iyali su yi miya, ka yi istigfari, ni ban gan shi ba."

Tabawa ta faɗo zauren ba ko mayafi. "Randar tawa? Shi? Malam, lafiyarka kuwa?"

Ya ce, "Ƙofar masallaci ce, Tabawa. Mu ma ta nan za mu shiga."

Shi da kansa ya taya shi ɗorawa a kura, ya je ya haɗa masa. Ran Juma'a ƙofofi suka fito sumul, ana ta sa wa Barau albarka, Ilu yana sahun baya yana cewa amin. Kada ku zaci ya yi arziki. Kafin kaka kowane mai fenti ya girke randa, aikin ya rarrabu, Ilu ya ci gaba da lallaɓa tsohon injinsa. Amma maganar aljani ta mutu murus, don ba mai iya zagin randa alhali tana ƙofar gidansa. Zancen zakara kuwa har Ilu ya koma ga Allah bai fita daga bakinsa ba. Daga bakin Tabawa ya fita, Allah ya jiƙanta, ita ba ta yi wa kowa alkawari ba.

To ga abin da nake so ku tafi da shi. Alheri ga wanda ya kyauta maka ramuwa ce, kowa ya iya. Na Allah shi ne ranar da wanda ya cuce ka ya faɗo hannunka, ka ba shi abin da ka sani, ka kuma rufe abin da ka gani. Ku da kuke ɓoye yadda ake haɗa yajin jego har sai kun shiga kabari da shi, ku da in maƙwabciya ta yi kyau kuka ce boka ta je, ku tambaya kafin ku yanke. In kuma wadda ta yi da ke ta zo ƙofarki kai a sunkuye, ki tuna ke ma akwai ranar da za ki tsaya kai a sunkuye, kina roƙon a rufa miki. Allah ya rufa mana asiri duniya da lahira. Ku ce amin da ƙarfi, ke ta bakin ƙofa ban ji taki ba.