Fuskar da Garuba Ya Goge

Akwai wani mai shagon buga hotuna a unguwar Nima, sunansa Garuba. Katin awure, kalandar suna, rigar adu'a mai hoton mamaci, duk wurinsa mutanen Zango ke zuwa. Gwani ne, wannan ba musu, sai dai ba a faɗa masa ya ji. In ka nuna masa gabas, sai ya ce ai shi ya koya wa rana fitowa.

Da shekaru suka fara ja, idonsa ya daina ɗaukar ƙananan rubutu. Matarsa ta yi ta fama da shi ya je a gwada masa tabarau. Ya ce Allah ya kiyaye, so take samarin unguwar Kokomlemle masu irin sana'arsa su ce tsoho ya ƙare? Sai ya shiga saitin kwamfutarsa ya rage rizolushan. Rubutu ya fito ɓaro-ɓaro, ya ji daɗin abinsa.

Abin da bai kula da shi ba, kowane allon kwamfuta akwai adadin ɗigon hasken da aka ƙera shi da su. In ka rage, sai na'urar ta ja 'yan kaɗan ɗin ta shimfiɗa su cika allon, kamar a tsinka koko da ruwa don ya ishi gida. Komai zai yi girma, amma ya dushe. Tun daga lokacin Garuba ya shiga kushe wayoyin mutane, wai hotunansu duk dishi-dishi ne.

Ana nan sai mahaifiyarsa, Mma Zalia, ta rasu. Mace ce da ba ta son hoto, ka ɗaga waya ta ja mayafi ta rufe fuska. Hotonta ɗaya tak a duniya, wanda aka ɗauke ta a wani tsohon situdiyo na unguwar Maamobi tana amarya.

Ƙanwarsa Rahinatu ce ta kawo hoton shago, a naɗe cikin ɗankwali, don a buga wa dangin Kumasi da na Yamai a jikin riguna kafin adu'ar arba'in.

"Yaya, don Allah a hankali," in ji ta. "Shi ke nan gare mu."

Garuba ya sa hoton a sikana, na'urar da ke kwafar hoto zuwa kwamfuta. Fuskar ta fito a allo kamar ana hango ta ta cikin ruwa. Ya yi tsaki ya share shi daga kwamfutar. Ya sake, ya kuma sharewa. Daga nan ya yanke hukunci cewa dattin shekaru ne ya manne wa takardar.

Rahinatu ta duƙa ta dubi takardar, ta dubi allon. "Yaya, ni fa a takarda har zanen kuncin Mma nake gani. Anya ba allon ba ne?"

"Ke da ke sayar da atamfa a kasuwar Makola za ki koya mini kwamfuta?"

Ta ƙyale shi, don babba ne. Ya ɗauko tsumma, ya fesa masa ruwan goge gilashi, ya shafa a kan hoton da ƙarfi. Shafa ɗaya, ido da hanci da baki suka biyo tsumman. Abin da ya rage sai ɗaurin kai da hannuwa biyu a kan cinya.

Rahinatu ba ta yi ihu ba. Ta naɗe takardar a ɗankwalinta ta fita. Shi kuwa, ko a lokacin sai da ya ɗora wa mai situdiyo laifi, wai tun asali takardar banza ya yi aiki da ita. Wallahi wannan wurin ya fi ƙona mini rai.

Bayan 'yan kwanaki wani aiki mai faɗi ya ƙi shiga allon, dole ta sa ya mayar da saitin yadda yake tun farko. Nan take komai ya washe. Hotunan da ya yi ta kushewa suka fito tas, har gashin ido ana iya gani. Sai ya tuna da hoton Mma da ya share. Ya buɗe kwandon shara na kwamfutar, ya tarar fayau. Da hannunsa ya zubar da komai tun ranar da ya goge hoton.

Aka yi adu'a da sunanta kawai a jikin riguna, ba hoto. Da jama'a suka watse, Garuba ya sami ƙanwarsa tana tattara kujeru, ya gaya mata gaskiya, ya nemi gafara.

Ta ajiye kujerar da ke hannunta. "Na yafe maka, Yaya. Amma yanzu in na rufe ido, fuskar Mma ta fara ɓace mini. Kuma ba ni da inda zan duba."

Darasi: Kafin ka kai hannu ka gyara abin da kake ganin ya lalace, fara duba abin da kake kallonsa da shi, kuma ka saurari na ƙasa da kai in ya yi magana. Girman kai kan ɓata abin da neman gafara ba ya dawowa da shi. Ku tura wa 'yan'uwa, wataƙila wani ya ajiye tsummansa kafin ya shafa.