Ƙwandalar da Fortunato Ya Goge

Mijina Fortunato Huamani ya yi shekara talatin da ɗaya yana shushaina a bakin kasuwar San Camilo da ke Arequipa. Ba ya sha, ba ya caca, bai taɓa ɗaga mini hannu ba. Aibinsa ɗaya ne, kuma ya ishe ni: ba a gaya masa magana. Musamman a kan ƙyalli, a ganinsa duk garin nan babu wanda ya kai shi sani.

A shekarar da nake ba da labari, 'yarmu Maribel da ke aure a Lima ta aiko cewa za a yi wa 'yarta askin fari. Yarinyar ta cika shekara biyu, ba mu taɓa ganinta ba sai a waya. Ni kaka, an ce ni zan fara sa almakashi. Kuɗin motar mutum biyu zuwa da dawowa kuwa ba mu da shi.

Wata Talata wani ya ba Fortunato canji, a ciki akwai ƙwandalar sentimo goma, irin wadda ko ta faɗi ƙasa mutane ke ƙyuyar sunkuyawa. Ta yi baƙi-baƙi. Da ya duba tambarin ƙasa da ke bayanta sai ya ga vicuña, wata dabba mai kama da ɗan raƙumi da ke jikin tambarin, kamar tana da inuwa, wuya biyu, ƙafafu sun ninka. Muka kai wa Don Zenón, wani dattijo mai teburin tsoffin kuɗi kusa da inda nake sayar da dafaffen masara.

Don Zenón ya sa gilashinsa a ido, ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Injin ya buge ta sau biyu. Masu tara irin wannan suna nemanta. Ranar Asabar wani zai zo daga Lima, ina jin abin da zai bayar zai kai ku ya dawo da ku. Amma Fortunato, don Allah kada ka taɓa ta. Ka naɗe ta a takarda yadda take."

"Da dauɗar?" in ji Fortunato.

"Da dauɗar. Ita suke saye."

A hanyar gida ya yi ta tsaki. "Kin ji tsohon nan? Wai dauɗa ake saye! So yake a raina ta, ya sa a karya mana farashi, su raba riba da mai sayen."

Na ce, "Tsoho, sana'arsa ce. Shi ya taɓa koya maka goge takalmi?"

"Ke dai ki tsaya a masararki, Eulalia."

Na ƙyale shi, don na gaji. Shekara talatin ina irin wannan gardama da shi, ban ci ko sau ɗaya ba.

Ranar Juma'a da rana na dawo na tarar da shi a tsakar gida da lemon tsami da toka da soson ƙarfen da nake wanke tukunya. Ya ɗaga ƙwandalar yana murmushi, tana walƙiya kamar sabon cokali. Na sulale na zauna a bakin ƙofa.

Da safe mutumin Lima ya zo teburin Don Zenón, muka kai masa ƙwandalar. Ya karɓa, ya duba bai fi ƙiftawa uku ba, ya mayar wa Fortunato.

"Wa ya yi mata wannan aika-aika?"

Fortunato ya buga ƙirji. "Ni ne, ranka ya daɗe. Ka taɓa ganin ƙyalli haka?"

"Baba, siraran layukan da ke nuna bugu biyu ka kankare su. Yanzu duk wanda ya gani cewa zai yi da ƙusa aka zana. Sentimo goma ce, ka sayi ashana."

Don Zenón ya cire gilashinsa ya goge ido, ya ce, "Aboki, abu ɗaya kawai na roƙe ka."

An yi askin babu mu. Uwar mijin Maribel ce ta fara sa almakashi. Bayan mako biyu wani direba ya kawo mini ambulan, a ciki ɗan tukkun gashin jikata baƙi mai laushi an ɗaure da jan zare. Na yi kuka har na gode wa Allah. Fortunato ya karɓa ya riƙe a tafin hannunsa mai baƙin man takalmi, ya daɗe yana kallo. Tun da na aure shi, ranar ce kaɗai na ji ya ce, "Laifina ne, tsohuwa." Ƙwandalar tana nan a akwatin aikinsa, ta sake yin baƙi, bai ƙara taɓa ta ba.

Darasin da ke nan shi ne, ƙwarewar mutum a sana'arsa ba ta mai da shi gwani a ta wani. Idan wanda ya san abu ya ce ka bar shi yadda yake, ka bari, ko da hannunka na ƙaiƙayi. Girman kai yakan ɓata a yini guda abin da nadama ba ta iya gyarawa, kuma sau da yawa ba mai girman kan kaɗai ke asara ba.