Tumakin Da Suka San Ƙarar Daro

A wani ƙauye akwai wani mutum mai garken tumaki. Mutumin nan bai taɓa tsaga kunnen tunkiya ba, bai kuma taɓa shafa wa rago shuni a baya don a san nasa ne ba. Shaidarsa ɗaya ce, wato kiransa. Yana da wani irin kira dogo, mai lanƙwasa a ƙarshe, wanda ba wani makiyayi a ƙasar da yake yin irinsa. In ya tsaya bakin fadama ya ɗaga murya, ko da tumakinsa sun gauraya da na mutane, sai ka ga suna ɗaga kai suna zamewa ɗaya bayan ɗaya, su nufo shi. Ba ya kora su daga baya. Gaba yake shiga suna bin sawunsa, ƙayar da za ta soke su, shi take fara soka.

Ana nan sai doguwar tafiya ta kama shi. Ya kira wani baransa, ya zauna da shi, ya koya masa kiran nan har ya iya. Sa'an nan ya ce masa, "Ga garkena na damƙa a hannunka. Abinci ba abin damuwa ba ne, ɗaki cike yake da dusa, harawa kuma tana kan rumfa. Abu ɗaya nake so ka riƙe. Tumakin nan za su haihu a bayana, waɗanda za a haifa kuwa ba su taɓa jina ba. Ka koya musu kirana, domin ran da na dawo su san ni."

Baran ya ce, "An gama, maigida."

To, koya wa ɗan tunkiya kira aiki ne mai cin rai. Sai ka ɗauke shi tun ƙafafunsa suna rawa, ka yi masa kiran a kunne. Sai ka shiga gaba cikin raɓa, ka kira, ka tsaya ka jira. Ya kauce ya bi wata ciyawa, ka koma ka ɗauko shi, ka sake kira. Rigarka ta yi warin tumaki, ƙafarka ta yi faso. Baran nan ya fara, ya ɗan taɓa, ya ji abin ba daɗi.

Wata rana yana zuba dusa, sai sandarsa ta bugi bakin daro, kwam! Kafin ya ɗago, 'yan tumaki sun rugo sun kewaye shi, har suna hawan juna. Ya yi dariya ya ce, "Ashe ga hanya mai sauƙi, ina ta ɓata maƙogwarona a banza!"

Daga ranar ya ajiye kira ya ɗauki daro. Da safe ya buɗe musu su fita su kaɗai, shi ya nufi gindin tsamiya wajen 'yan dara. In rana ta yi sanyi ya koma ƙofar gida, ko tashi tsaye ba ya yi, ya miƙe ƙafa ya buga daro, kwam, kwam, kwam, su sheƙo a guje. Kuma fa sun yi ƙiba, gaskiya ce, gashinsu har sheƙi yake. Masu wucewa su tsaya su ce, "Kai, garken nan ya yi kyau!" Shi kuwa sai kansa ya ƙara kumbura.

Matarsa ce ta yi magana. Ta ce, "Malam, ni fa na daɗe ban ji kiran nan a bakinka ba."

Ya ce, "Ke dai dubi yawansu. A zamanin maigidan kin taɓa ganin sun taru da sauri haka?"

Ku ji fa! Har ya fara ganin ya fi mai garken iya kiwo.

Akwai wani baƙo da yake yawan zama a bakin hanya. Ba ya magana da kowa, kallo kawai yake yi. Ya ga fitar tumaki ba makiyayi, ya ji ƙarar daro, ya ga gudunsu, ya gane. Ranar kasuwa da rana tsaka, baran yana sunkuye kan dara, sai baƙon ya zo bakin fadama. Bai zo da igiya ba, bai zo da sanda ba. Daro ya zo da shi, cike da dusa, ya barbaɗa mata kanwa. Ya tsaya ya buga, kwam, kwam, kwam.

Tsofaffin tumakin suna kwance a inuwa suna tuƙa. Suka ɗaga kai, suka ji ba daga wajen gida ƙarar take ba, suka mayar da kai. Amma matasan garken, duk waɗanda aka haifa bayan tafiyar maigida, suka tashi gaba ɗaya. Baƙon ya juya yana tafe yana bugawa, suna bin sa suna tsalle. Ba wanda ya ja su, da ƙafarsu suka tafi. Tsohuwar tunkiya ɗaya ce ta tashi daga inuwa ta bi bayansu tana kuka. Ba dusa ta bi ba, ɗanta ne a cikinsu.

Da labari ya iske baran, ya watsar da dara ya runtuma kasuwa. Ya same su a turke, fatake da mahauta sun kewaye su suna taɓa musu baya. Ya cakumi baƙon yana ihu, "Ɓarawo! Tumakin maigidana ne!" Aka kai su gaban sarkin kasuwa.

Sarkin kasuwa ya ce, "Akwai shaida a jikinsu?"

Baran ya ce, "Babu, ranka ya daɗe."

"To, ai tunkiya ta san mai ita. A sake su. Ka kira su mu gani."

Baran ya duba nan, ya duba can, ya ce, "A ara mini daro."

Kasuwa ta fashe da dariya. Sarkin kasuwa ya ce, "Daro ai kowa yana da shi, har matata. Da bakinka na ce ka kira."

Baran ya buɗe baki. Kiran ya fito a karkace, don ya daɗe bai yi ba. Ya sake, ya sake, har ya fito daidai yadda maigidansa ya koya masa. Matasan tumakin nan ko kunne ba su motsa ba. Ina za su san shi? Ba wanda ya jure koya musu. Baƙon ya yi murmushi, ya ƙwanƙwasa daronsa da ɗan yatsa, suka rugo suna lasar hannunsa.

Amma tsohuwar tunkiyar nan ta ɗaga kai. Ta ratsa cikin taro, ta zo ta tsaya a gaban baran. Ɗanta bai san kiran ba, ko kaɗan bai san shi ba. Ya dubi daro, ya dubi uwarsa, ya bi uwarsa.

Sarkin kasuwa ya ce, "Waɗannan biyu naka ne, kwashe su. Sauran na mai daro ne." Kafin yamma fatake sun kora su sun bar garin.

Ba a daɗe ba maigida ya dawo. Ya tsaya a ƙofar gida da ƙurar hanya a ƙafarsa, ya yi kira. Tsofaffin suka taso suna ɗingishi, ɗan tunkiya ɗaya yana bin uwarsa. Ya tsaya yana duban bayansu, ba wanda ya ƙara fitowa. Ya ce, "Ina waɗanda aka haifa?"

Baran ya ce, "Maigida, na ciyar da su. Ba wanda ya taɓa kwana da yunwa. Ga daron ma, dubi yadda ya lotsa don aiki."

Maigida ya dubi daron ya ce, "Wannan na ce ka koya musu?"

An kawo masa ruwa, bai sha ba. Ya ɗauki sandarsa ya bi hanyar da fatake suka bi, yana tafe yana kira.

Yanzu ga abin da misalin nan yake nufi, kuma da ku nake, shugabannin matasa, da dattawa, da iyaye.

Mai garken Ubangijinmu Yesu ne. Baran shi ne duk wanda aka damƙa wa yara da matasa a ikkilisiya. Kiran nan bishara ce, wadda ake bayyana wa yaro a hankali har ya gane, ana kuma tafiya a gabansa yana gani da idonsa. Daro kuwa kun san shi sarai. Shinkafar ranar matasa ce, da lemo, da riguna masu tambari, da lasifikar da take girgiza kwanon rufi, da gasar rawa.

Kada wani ya fita ya ce na hana yara cin shinkafa. Dusa ba laifi ba ce, maigida ne da kansa ya bar ta a ɗaki. Abin da yake ƙona mini rai shi ne ta cinye gurbin kira. An yi zaman shirya makon matasa a nan, an kai ruwa rana kan launin riga da wanda zai kawo janareto. Da aka zo kan abin da za a koya musu, sai kowa ya fara neman takalminsa, aka ce fasto zai san abin da zai faɗa. Haba jama'a!

Akwai wata yarinya a zumuntar matasanmu, Afiniki. Ta tashi a taro, ta ce 'yan ajinsu sun tambaye ta me ya sa Allah zai bar wanda yake ƙauna ya mutu a kan gicciye, ita kuwa ta rasa abin faɗa. Wani dattijo ya daka mata tsawa. Ya ce, "Zauna! Yaran yanzu ba ku da kunya. Ki ba da gaskiya kawai." Nan take mai ganga ya ta da waƙa, aka yi ta tafi, maganar ta bi iska. Wannan waƙar daro ce. Yarinya ta miƙo kunne a yi mata kira, aka buga mata ƙarfe. Tir da wannan! Tambayar nan ita ce zuciyar bangaskiyarmu. In babba bai iya zama ya bayyana wa yarinya cewa ƙauna ce ta kai Almasihu gicciye domin zunubinta da nasa ba, me yake yi a kujerar gaba? In kuwa bai sani ba, ya ce, "'Yata, zo mu nema tare." Wannan ba abin kunya ba ne. Tsawar ce abin kunya.

Ga kuma zancen shiga gaba. Kana koya wa matashi gafara ran Lahadi, alhali ya san ba ka gaisawa da ɗan'uwanka saboda iyakar gona. Kina ce wa 'yan mata su kame bakinsu, ke kuwa ba wanda ya tsira daga naki a bakin famfo. Kuna tsammani ba sa gani? Suna gani, har suna kwaikwayonku in kun ba da baya. Wanda yake zaune gindin tsamiya ba ya koya wa tunkiya hanya.

Baƙon nan kuwa yana nan, bai gaji da kallo ba, kuma daronsa ya fi naku girma. Yana jiransu a birni, yana jiransu a makaranta, yana ma cikin wayar da take hannunsu. Wani lokaci mai wa'azin ƙarya ne da yake alkawarin arziki ba wahala. Wani lokaci ƙungiyar asiri ce, ko masu raba ƙwaya. Ba zai ja su da igiya ba. Duk yaron da aka saba masa da bin ƙara, zai bi wadda ta fi ƙarfi, da ƙafarsa. Sa'an nan ku zo kuna kuka kuna cewa zamani ya lalace. Zamani ne ya ara muku daro?

Ku dubi tsohuwar tunkiyar nan. Ba ta kwanta a inuwa tana cewa yaran yanzu ba sa ji ba. Ta tashi ta bi ɗanta har cikin kasuwa, har gaban mahauta. Da aka yi kira ta amsa yana kallo, shi ya sa ya tsira. Yaro zai iya bin wanda ya ga yana bin kira, tun kafin shi kansa ya gane kiran. Irin waɗannan iyaye da malamai muke nema, masu jure tambaya, masu bin yaro inda ya tafi, waɗanda rigarsu take warin tumaki.

Afiniki ba ta sake tambaya ba. Tana zuwa sujada har yanzu, amma ta koma bencin baya, dab da ƙofa. Bayan girbi za ta tafi makaranta a birni, tambayarta kuma tana nan a cikinta ba amsa. Kafin ta shiga motar nan, wani a cikinku ya je gidansu, ya zauna a tabarma, ya ce, "'Yata, sake tambayata." Ya amsa mata, ta sake tambaya, ya sake amsawa, ko da zai ci masa yini.

Mai garke yana dawowa. Zai tsaya a ƙofar nan ya yi kira, sa'an nan ya tambaye mu inda waɗanda aka haifa suke. A ranar, kada wani ya kuskura ya nuna masa daro.