Ranar da Malam Ya Hana Wanzami Cire Belu

Malaminmu, Shehi masani, waliyyin Allah, mai tsantseni da yawan azumi, Allah Ya ƙara masa yarda, shekara arba'in yana karantarwa a Zongon Kwatano, kuma daga hantsi zuwa azahar ba ya barin ɗakin littattafansa ko gobara ake yi.

Akwai wata maƙwabciyarsa, Karimatou mai sayar da atamfa, wadda 'yarta Oumayma ta kwana huɗu da zazzaɓi, wuya ya kumbura, wani farin abu ya lulluɓe maƙogwaro, numfashi sai ƙugi. Karimatou ta gaji, wallahi ta gaji, har tana gyangyaɗi a tsaye. Da tsofaffin gidan suka ce ai belu ne, ba ta da ƙarfin musu, ta aika aka kira Garba wanzami.

Garba ya buɗe zabira ke nan, an danne yarinya, sai ga sallamar Malam a bakin ƙofa, rana tsaka, alhali babu wanda ya gaya masa.

Ya ce, "Garba, mayar da askarka, wannan ba belu ba ne. Karimatou, 'yata, goya ta. Ga mai zemijan nan a waje."

A hanya mai babur ɗin ya gaya mata tun bayan sallar asuba Malam ya ce ya jira a ƙofarta, lokacin ita ko tunanin wanzami ba ta yi ba.

A asibiti likita ya ce mashaƙo ne, mai yaɗuwa ta tari, kuma da aska ta taɓa wurin da jini ya shaƙe ta. Aka keɓe yarinya, aka yi ta yi mata allurai, aka ba mutanen gida ƙwayoyi. Da aka duba karne, wato katin rigakafinta, ashe rigakafi ɗaya kawai aka taɓa yi mata. Kasuwa ta cinye sauran ranakun rigakafin. Karimatou ta yi kukan kunya.

Bayan sati uku ta je godiya, ta tarar Malam ya rame, don gida-gida ya bi da ma'aikatan rigakafi. Ta durƙusa ta ce, "Allah gafarta Malam, wa ya sanar da kai?"

Ya ce, "Yara uku na yi wa salla a watan nan, 'yata. Na roƙi Allah kada Ya kawo mini ta huɗu."

Tsarki ya tabbata ga Mai karɓar roƙon bayinSa na gari. Ya Allah, Ka ba Malam lafiya da hutu, Ka lulluɓe 'ya'yanmu da albarkarsa. Amin.